Dugadugan Mushe a Hanyar Agiye

Inna Kadi, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Na daɗe ina karanta filin nan naki ina dariyar matsalolin mutane, ban san tawa na nan tafe a kan keke ba.

Maigidana malamin lakol ne, wato makarantar boko. Kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman lakol a nan, har ni. Shekara ashirin da shida ke nan yana riƙe da alli. Muna zaune a ƙauyenmu ta wajen hanyar Gazawa, lakol ɗin da aka maida shi kuwa tana cikin Agiye, kilomita goma sha biyu a kan kwalta. Ya ƙi mu koma gari saboda gona da tsohuwarsa, ya kuma ƙi sayen babur, wai keke ne ya hana shi ajiye tumbi kamar sa'o'insa. Yanzu da sanyi ya shigo gari ba ya wayewa da wuri. Yana idar da sallar asuba zai ɗaure sakosh, jakar takardunsa, a bayan keke, ya ɗaure ƙafafun wandonsa da roba kada sarƙa ta ci, ya kama hanya da sauran duhu. Da yamma kuma sai ya tsaya yi wa 'yan aji shida bita, ba ya shigowa gida sai an yi magariba.

Ga inda laifina ya fara, gara in faɗa da bakina. Da can fararen kaya yake sawa. Ni ce na gaji da wankin baƙin man keke a jikin farar shadda, na yi ta mita har na sa aka ɗinka masa manyan riguna biyu, ɗaya baƙa, ɗaya shuɗiya mai duhu. Shi mutum ne da ba ya fita sai da babbar riga, don in liman ba ya nan shi ke jan salla. In zai hau keke sai ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa, ya soke gindinta a ƙugu, ya naɗa baƙin rawani saboda sanyi. Keken ma baƙi ne, fitilarsa ta mutu tun bara. Ni kuwa ina ta murna wanki ya yi sauƙi.

Makonni biyar da suka wuce, Abdu maƙwabcinmu, mai tuƙa motar haya hiyas tsakanin Gazawa da Maraɗi, ya yi sallama da daddare ya ce da ni yake son magana. Yaron nan ya durƙusa a zaure, ya ce: "Inna, wallahi yau saura ƙiris in kashe Mushe. Ban gan shi ba sam. Wata tirela ta taho ta haske mani ido, tana wucewa sai na ga wasu abubuwa biyu farare na hawa suna sauka gabana. Dugaduganshi ne. Su kaɗai na gani, na taka burki." Ya ce da ba don kaushin sanyi ya sa ƙafar Mushe ta yi fari ba, da yanzu wani zance ake yi. Inna Kadi, na yi dariya, sannan na shiga ɗaki na yi kuka. Tun ranar, in ya fita da asuba ba na iya komawa barci, kunnena na kan kwalta har rana ta fito.

Na gaya wa Mushe. Sai ya ce mini shi da hanyar nan sun san juna tun kafin a haifi Abdu, kuma babu direban da bai san shi ba. Na ce na tirelar da ke fitowa daga Damagaram fa? Ya ce rai na hannun Allah. Na ce haka ne, amma ban haƙura ba.

Sai na sa ƙanena Mumuni ya sayo mini jile a kasuwar Gazawa, irin rigar nan marar hannu mai ruwan ɗorawa, mai layuka masu ruwan toka da ke ƙyalli in hasken mota ya taɓa su. Kwana uku ina lallashi, har na sa tsohuwarsa ta sa baki, sannan ya yarda ya ɗora ta a kan babbar riga. Tsautsayi, ranar da ya fara sawa ta faɗo ranar kasuwar Agiye. Yana shiga gari da jile da sakosh, matan da ke baza kaya a bakin hanya suka ɗauka mai yankan tikitin meri ne, mai karɓar harajin kasuwa, suka shiga rufe tire da gyale, wata mai ƙosai har ta suri kaskonta. Gaba kaɗan wata tsohuwa ta ga jile irin na 'yan kabu-kabu ta tare shi, wai ya kai ta bakin tasha ita da buhunta, tunda yanzu har keke ya shiga kabu-kabu. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne wani tsohon ɗalibinsa da ke kabu-kabu da babur. Ya rage gudu ya jera da shi, ya cire hula da ladabi ya ce: "Mushe, barka da shigowa sana'a, Allah ya ba da sa'a." Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, ba da shaƙiyanci ba. Da Mushe ya dawo, ɗaki ya wuce kai tsaye. Ya ninke jile ya tura ƙarƙashin katifa, kamar takardar jarrabawar da aka faɗi.

To daga nan ne na yi abin da ya sa nake rubuto miki. Na ce tunda kalar ce ke ba shi kunya, bari in raba ta da ƙyallin. Na sa almakashi na yanke layukan nan duka, na ɗauki shuɗiyar rigar a ɓoye na kai wa Iro tela. Na ce ya saka mini su a jikin rigar yadda Mushe ba zai gane ba. Ban gaya masa don me ba, ina jin nauyi. Iro kuwa gwani ne, kuma a wurinsa duk abin da aka saka wa babbar riga aiki ne, aiki kuma yana da mazauninsa. Ya tsaga layukan sirara-sirara, ya bi da su bakin aljihu, ya zagaye wuya, ya bi tsakanin tsohon aikin ƙirji, ya kai sauran bakin hannuwa. Bayan riga ko ɗigo bai sa ba. Da na karɓo na ga ta yi kyau ƙwarai, kamar an yi mata aikin zaren azurfa, ban kawo komai a raina ba. Na ce wa Mushe aikin rigar ne ya tsufa na sa aka sabunta.

Inna Kadi, ya ji daɗi. Daɗin da ya ji ne ya kashe ni. Ya juya rigar, ya shafa, ya sa mini albarka, sannan ya ce wannan ta wuce a hau keke da ita, ta zama ta zuwa taro. Ya sa na goge ta, na turara, ya sa a akwati. Ya ci gaba da zuwa lakol da baƙar, kullum, ba canji. Na rasa jile, na rasa riga, ga shi bakina ya ƙi faɗar gaskiya.

Ranar asabar da ta wuce aka yi sunan jikan wansa. Kin san suna da sassafe ake yi, gari bai gama washewa ba. Mushe ya fito da rigar taro, aka ba shi gaba, shi ya yi addu'a. Bayan an shafa, samari suka ce a yi hoto, suka kunna hasken waya. Kafin hantsi hoton ya zagaye wayoyin dangi har na Katsina. Mutum goma sha ɗaya a jere, duk sun yi duhu ba a gane fuskar kowa, Mushe kaɗai a tsakiya ƙirjinsa da wuyansa na ci bal-bal. Wata gwaggonsu ta bugo waya tana kuka, wai ta daɗe da sanin yaron nan bawan Allah ne. Abokan wasansa kuwa suka ce an sa wa Mushe sola, yanzu Mai Sola suke kiran sa. Shi da yake ba wawa ba ne, ya ɗaga katifa ya ga abin da ya rage na jile, ya gane komai.

Bai yi faɗa ba. Shi in ya yi fushi da ni, faransanci yake yi mini, ya san kuwa ba na ji sai gaisuwa. Yau kwana biyar ke nan ko ruwan alwala zai nema da faransanci yake nema. Yana cin tuwona, yana suɗe hannu, amma ba Hausa. Ni fushin bai dame ni kamar yadda fitarsa ke damuna ba. Jiya ma da baƙar rigar ya tafi, na tsaya a ƙofar gida ina kallo, bai kai bishiyar bedi ta biyu ba ya ɓace mini, ni da na san inda yake.

Ina son mutumin nan, Inna, ba na jin kunyar faɗa a takarda tunda ba a san ni ba. Saura shekara huɗu ya huta da aiki. Ina son ya kai, mu zauna a gona yana gyara mini magana. Me zan sa masa direbobi su gan shi, ba tare da an sake ce masa Mai Sola ko a tare shi da buhu ba? Kuma ta ina zan fara ba shi haƙuri?

Matar Mushe,
daga wani ƙauye a gabas da Agiye


Ɗiyata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Karon farko na yi dariya har jikata ta leƙo, karo na biyu na tsaya a kan maganar Abdu na daina. Tsoronki na gaskiya ne, kada kowa ya ce miki rakin mata ne.

Bari in fara da ɓangaren Mushe, don yana da nasa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana tsayawa gaban yara, kwarjininsa kayan aikinsa ne, kamar alli. Ranar jile an taɓa masa shi a kasuwa, ranar suna an taɓa masa shi a gaban dangi, kuma karo na biyu da hannunki aka yi, bai sani ba. Ina ganin ba hoton ne ya sa shi faransanci ba. Ya sa miki albarka a kan rigar da zuciya ɗaya, daga baya ya gane dabara aka yi masa kamar yaron da ake sa wa magani cikin koko. Wannan ne ya yi masa zafi, kuma a nan kin yi kuskure. Iro ba shi da laifi ko kaɗan, an ba tela ƙyalli ba a gaya masa don mota ba ne, ya yi abin da ya iya.

Inda Mushe ya kauce kuwa shi ne zancen kowa ya san shi. Abdu maƙwabcinsa ne, ya san shi, ya san kekensa, ya san lokacin fitarsa, kuma bai gan shi ba. Direba ba ya kauce wa wanda ya sani, wanda ya gani yake kauce wa. Rai na hannun Allah, babu musu, amma Mushe ɗin nan ne ke ɗaure ƙafar wando da roba don kada sarƙa ta ci. Wanda ya yi wa wando tanadi ai ba zai ce yi wa rai tanadi rashin tawakkali ba ne.

Yanzu ga aiki. Duhun da mijinki ke shiga iri biyu ne, kowanne da maganinsa. Akwai na dab da magariba da na wayewar gari, lokacin da ido ke gani dishi-dishi, direbobi da yawa ba su kunna fitila ba. A nan layukan ƙyalli ba sa aiki, tunda sai haske ya doke su suke mayarwa. Kala mai haske ce ke fitar da mutum, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, farar ma ta fi baƙa nesa ba kusa ba. Sai kuma duhu sosai, inda kala ke mutuwa, ko farar shadda sai mota ta matso ake gane ta. A nan ƙyallin ne ke magana, shi da fitila.

Inda za a sa ƙyallin kuwa, ai Abdu ya riga ya gaya miki a zaure. Dugadugai ya gani. Fitilar mota ƙasa take haskawa kafin sama, kuma abin da ke hawa yana sauka ya fi jan ido a kan abin da ke tsaye cak. Direba na ganin haske biyu na motsi haka zai san mai keke ne, ba alamar bakin hanya ba. Ƙirji kuwa, ko da Mushe ya hau da rigar taron, ƙasa yake kallo in ya duƙa a kan keke, hannuwan riga suna naɗe a kafaɗa, motar da ake tsoro kuma ta baya take zuwa. Don haka ki sa Mumuni ya nemo miki layin ƙyalli mai faɗin yatsu biyu ko uku, ki kai wa Iro, wannan karon ki gaya masa don me. Ya ɗinka maɗauri biyu na ƙafar wando, su zagaye ƙafa gaba da baya. Su za su maye gurbin robar nan. Mushe ya saba ɗaure wando, ya saba kwancewa a ƙofar lakol ya sa a aljihu, babu sabon abin da za a gani a jikinsa da rana.

Ragowar jile kada ki yar. Iro ya yi wa sakosh riga da ita, ya bi bayanta da layin ƙyalli ɗaya. Ga kalar magariba an samu, a daidai inda direban baya ke kallo, kuma ban taɓa jin an tare jaka an ce ta kai mutum tasha ba. Sai fitila, wannan ba sulhu a kanta: ja a baya, fara a gaba, irin ƙananan nan da ake caji kamar waya. Ƙyalli na jiran hasken wani, fitila kuwa tata take bayarwa, kuma akwai babura da amalanke da ke tafe ba ko ɗigon haske. A ɗaura ta baya inda gindin riga ba zai sauko ya rufe ta ba. Ke kuma, ɗiyata, ki fito da fararen kayan nan daga akwati, ki canja masa rawani da fari. Sabulu ya fi sauƙin samu.

Saura yadda zai yarda. Kada ki sake yi masa dabara, kuma kada ki sake kai ƙara wajen tsohuwarsa. Malamin lakol ba ya yarda da magana, sai gwaji, haka yake yi wa yara. Ki fara da ban haƙuri, da Hausa, ke da shi, bayan ya ci ya ƙoshi. Ki ce kin ɓoye masa, ba daidai ba ne. Ki gaya masa abin da kika gaya mini, cewa ba kya barci bayan fitarsa, da zancen bishiyar bedi ta biyu, da zancen shekara huɗun nan. Ina kyautata zaton bai taɓa jin su daga bakinki ba. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya. Wata magariba Abdu ya tsayar da motarsa a gefen hanyar cikin gari inda ba zirga-zirga, Mushe ya zauna a kujerar direba, Mumuni ya sa baƙar rigar ya hau keken ya yi gaba. A kunna fitila, Mushe ya faɗa da kansa a ina ya daina ganin sa. A sake da maɗauran ƙafa da jar fitila. Ke kada ki ce komai, ki bar shi ya ba da maki. In ya gama, ki tambaye shi yara nawa ne cikin 'yan bitarsa ke komawa ƙauye a kan keke a wannan duhun. Daga nan ba ke za ki riƙa bin sa da maɗauri ba, shi zai riƙa bin mutane.

Rigar taro kuwa, shi ke da ita. In ya ce a warware, Iro ya warware. In ya ce a bari, a bari, sai dai a roƙi samari su kashe hasken waya. Sunan Mai Sola zai yi kwanakinsa ya wuce, abokan wasa ba sa rasa sabon abin yi. Gwaggonsu kawai za ku lallaɓa ku yi wa bayani a hankali.

Ki gaida mini Abdu, yaron kirki ne, ba kowa ke zuwa ya durƙusa ya faɗi abin da ya kusa yi ba. Allah ya maido muku da Hausa cikin gida, ya tsare Mushe a kan hanya safe da yamma, ya kai shi hutunsa lafiya. Ina miki fatan magaribar da za ki tsaya a ƙofar gida, wani babur ya haska kwalta, ki hango dugadugan mijinki tun daga bishiya ta goma suna hawa suna sauka, ki koma ciki ki ɗora ruwan alwala.

Taku,
Inna Kadi